Gwaggo Ba Ta Yi Wa Mutuwa Gyara Ba

Ranar da muka binne Gwaggo, masu ta'aziyya sun zauna kashi biyu a ƙofar gida, yadda danginmu suke tun kafin a haife ni. 'Yan coci suna kan bencuna a gindin darbejiya, 'yan'uwanmu Musulmi suna kan tabarmi a jikin katanga. Duk wanda ya iso sai ya fara gaida nasa, sannan ya tsallaka ya gaida ɗaya ɓangaren. In ya ce "Ya haƙuri?", masu tabarma su ce haƙuri sai Ma'aiki, masu benci su ce mun gode wa Ubangiji. Gawa ɗaya ce dai a ɗaki.

Baba, wanda yake bi mata, yana zaune cikin maza tun safe. Hannu kawai yake miƙawa. Baffa kuwa, autansu, wanda ya musulunta tun yana saurayi har ya je Makka ya dawo, shi ne ya ba mutane mamaki. Ya ja babbar rigarsa ya rufe fuska yana kuka kamar yaro, abokansa suna cewa, "Alhaji, a yi haƙuri mana, addu'a ake yi." Bai saurare su ba.

A maƙabarta akwai wani dogon mutum daga Tudun Kaya da ya karɓi diga tun da aka fara haƙa. Samarin coci suka yi ta cewa ya kawo su karɓe shi, ya ƙi. Yawancinsu ba su san shi ba. Ni na san shi, kuma zan faɗi yadda aka yi.

A cikin gida, matar wani ɗan'uwanmu da ta zo daga Kano ta share hawaye ta ce, "Saura mako uku Kirsimeti. Bana kam sai dai a yi shi shiru a gidan nan." Wata tsohuwa, ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata, ta ɗago kai ta dube ta.

"Yarinya, rufa mana asiri. Ba a rufe ramin ba tukuna, kada ta ji ki."

Mata suka fashe da dariya, hawaye na zuba. Baƙuwar ta rasa abin da ta faɗa na ban dariya. Saboda ita da irinta nake wannan rubutu, da kuma jikokin da za su taso su ji ana cewa babu Bahaushe Kirista a ƙasar Rogo. In babu mu, to Gwaggo ba ta taɓa rayuwa ba ke nan. Ta rayu kuwa, shekara tamanin ko kusa da haka, a wani ƙauye da ke gefen Ruwan Bago, kuma duk wanda ta taɓa zagi zai ba da shaida.

Ita ce babbar yayar Baba. An haife ta a gidan da ake bin al'adar kakanni, ta zama Kirista bayan ta yi aure, mijin ya rasu ya bar ta da gona da ɗa ɗaya. Haihuwa bakwai ta yi, shi kaɗai ya tsaya. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana kai wa kasuwar Karaye. An san ta da abu biyu a kasuwa: ba ta rage ko sisi a kan abin da ta faɗa, kuma ba ta sallamar mai saye ba tare da gyara ba. Sai ta gama yi maka faɗa a kan tayin da ka yi, sannan ta damƙo ƙuli-ƙuli ta ƙara maka.

Ba ta iya karatu ba, amma da an kai dawa rumbu sai ta fara tsare Fasto a bakin coci: "Saura Lahadi nawa?" Makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti, waɗanda muke kira lokacin jira, su ne nata a duk shekara. Ranar bikin kanta ba ta dame ta kamar su ba. Za ta fitar da komai na ɗakinta ta share, ta sake daɓe, ta shafe bango da farar ƙasa. Za ta ɗaure akuyar da ta zaɓa a kusa da madafa tana ba ta dusa tana yi mata hira. Da yamma matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, su taru a tsakar gidanta suna koyon waƙa, ita tana buga tulu, irin na ƙasa da ake bugawa da tafin hannu. Takan ce, "Wanda ya san baƙonsa na hanya, tun daga shara yake fara jin daɗi."

Lokacin da na fara koyarwa a firamare a Karaye, ina ji da kaina, na taɓa ce mata, "Gwaggo, Yesu ai an haife shi tun tuni. Wa kike jira kuma?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Malama ke nan. Damina ma ai ta zo bara. Me ya sa kike duban gabas bana?"

Malama take kirana, kuma ba don girmamawa ba.

Wata rana muna cikin bas daga Karaye za mu Kano sayen atamfar zumunta, tana ɗan rera waƙa a hankali. Wani mutum a kujerar gaba ya juyo.

"Hajiya, wannan wace waƙa ce mai daɗi haka?"

"Ta Kirsimeti ce."

"Au, ashe ke ba Bahaushiya ba ce."

"Da wane yare nake maka magana?"

"A'a, na ga dai Bahaushe ai an san addininsa."

Ta tambaye shi ɗan wane gari ne, ya faɗa. Ta ce, "Rijiyar da ke bakin kasuwarku, wa ya haƙa ta?" Ya ce bai sani ba. Ta ce, "Kakana ne. In ka koma ka tambayi tsofaffinku. Ruwanmu ka sha ka girma, yau kake tambayata ko ni 'yar gida ce." Motar ta ɗauki dariya, har direba. Mutumin ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Iya." Ta kwance leda ta miƙa masa ƙuli-ƙuli, ta ci gaba da waƙarta, ta ɗan ƙara murya. A cocin birni ma ba ta tsira ba. Wata mata ta riƙe hannunta cikin tausayi tana tambayarta yaushe ta tuba, ko danginta sun kore ta. Gwaggo ta ce, "Kafin a haifi uwarki nake buga tulu. Matsa in zauna."

Amma wanda yake son ya san ta, sai ya san shekarar da ɗanta ya rasu.

Yana dawowa daga wajen Rogo a kan babur, da buhun gyaɗa a baya, wata a-kori-kura ta kwashe shi a kan kwana. Ko asibiti ba a kai ba. Ya bar matarsa da 'ya'ya mata biyu. Kwana takwas ke nan kafin Lahadin farko ta jira.

A cikin makon nan kuma sai wata magana ta fara yawo, wai akwai waɗanda za su zo daga wani wuri su ƙona coci lokacin biki. Ba wanda ya san inda ta fito. Wannan ya ce a kasuwa ya ji, wancan ya ce a waya aka turo masa. Dattawan coci suka zauna da Fasto suka yanke shawara: bana babu kiɗa, babu waƙa mai ƙarfi, babu zagayen gari, a yi sujada a gajarce kowa ya koma gida. Ban ga laifinsu ba. Ina da yara ƙanana a lokacin, ni ma na goyi bayansu.

Ranar Lahadi ba wanda ya zaci ganin Gwaggo. Sai ga ta da zanen zumunta, da tulu a hammata. Fasto, saurayi ne mai sanyin hali, ya karanta sanarwar. Yana gamawa ta miƙe.

"Fasto, ina da magana."

"Mama, a bari sai an tashi."

"In an tashi ai kowa ya gudu gida da tsoronsa. A nan zan faɗa. Wa ya ga masu zuwan nan da idonsa?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Wa ya ji daga bakin wanda ya gan su?"

Wani dattijo ya ce, "Ke da kike cikin makoki, da kin zauna a gida. Wannan magana ta maza ce, an riga an gama ta."

Ta juya ta dube shi. "Ni na binne ɗa, ba kai ba. In akwai wanda ya isa ya ce a yi shiru bana, ni ce. Ban kuwa ce ba."

Ta zauna ta ɗora tulun a cinya ta fara bugawa. Ita kaɗai. Muryarta ta dushe saboda kuka, tana fita tana karyewa. Ta yi baiti ɗaya ba wanda ya amsa, ta yi na biyu ba wanda ya amsa. Ni kaina na sunkuyar da kai don kunya. A na uku sai muka ji an amsa daga can baya. Matar ɗanta ce, mai takaba, da goyo a bayanta. Daga nan mata suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Wasu maza suka tashi suka fita. Fasto ya tsaya riƙe da takardarsa, bai hana ba, bai kuma shiga ba.

Kafin yamma magana ta cika gari. Wasu suka ce ba ta da zuciya, ɗanta ko kwana goma bai yi a ƙasa ba. Wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Wasu suka ce za ta jawo mana wuta. Washegari da hantsi na tafi gidanta da niyyar in faɗa mata gaskiya.

Na same ta a bayan rumbu, ta miƙe ƙafa tana ɓarar gyaɗa. Fuskarta sharkaf, hawaye na ɗiga a cikin faifan, hannunta bai tsaya ba. Buhun da ke gefenta ya yage, an ɗinke shi da igiya. Gyaɗar da ɗanta ya ɗauko ce, mutane suka tsince ta daga kan titi suka kawo mata.

Duk abin da na shirya ya gudu. Na dai ce, "Gwaggo, mutane suna magana."

"Su yi."

"Suna cewa ba ki ji mutuwar nan ba."

"Ke ma haka kika ce?"

Na kawar da kai.

"Malama, zauna ki kama mini." Na zauna. Muka yi ta ɓara. Can ta ce, "Da safe in na buɗe ido, sai na manta, in ji kamar zan ji babur ɗinsa. Sannan in tuna. Kullum sai ya sake mutuwa. Kina ganin akwai wanda zai koya mini zafin nan? Amma ki ji. Mutuwa ta zo ta auna mudunta, ta cika shi, ta tafi. Ban isa in hana ta ba. Gyara ce ba zan yi mata ba. Ta ɗauki ɗana, in kuma ƙara mata da waƙata, da sharata, da murnar jikokina? Ba ta biya wannan ba. Wanda nake jira ai saboda irin wannan rana ya zo. In na yi shiru bana, to duk waƙar da na yi shekara da shekaru ƙarya ce."

Na ce, "To maganar masu zuwa fa? Akwai yara."

Ta kakkaɓe zaninta. "Wannan kam kin yi gaskiya. Tashi ki raka ni."

Gidan Baffa muka nufa, a ƙauyen da ke gaba da namu. Shekara shida ke nan ba sa magana. Abin da ya haɗa su, wata shekara ta aika masa da kwanon abincin Kirsimeti kamar yadda ta saba, ya mayar da shi ba a buɗe ba, ya ce bai san wanda ya yi yankan ba. Ita kuma ta taka har gidansa ta faɗa masa maganganu a gaban iyalinsa, irin waɗanda ba a faɗa wa magidanci. Laifin na su biyu ne, amma nata ya fi yawa. Ko a rasuwar ɗanta, a waje ya yi wa maza ta'aziyya ya juya.

Muka same shi a zaure. Ya gan ta ya miƙe tsaye.

Ta ce, "Autan Inna, an ce za a zo a ƙone mu."

"Yaya, mu ma ji muka yi. Wallahi ba mu san tushen maganar ba. Ba mutanen nan ba ne."

"To ka zo ranar Lahadi ka zauna a bakin coci. In ƙarya ce, ka sha hantsi ka koma gida. In gaskiya ce, su fara da kai, tunda nono ɗaya muka sha."

Ya koma ya zauna. "Shekara shida ba ki tako gidan nan ba, yau da abin da kika zo ke nan?"

"Da me kake so in zo? Da kwano? Ai ka mayar."

Ranar Lahadi muna isa muka tarar da shi a gindin bishiyar da ke ƙofar coci, shi da mai unguwarsu da wasu dattawa uku, sun shimfiɗa tabarma, kowa da carbinsa. Muna ciki muna waƙa, suna waje suna hirarsu. Haka suka yi har Lahadi uku, da ranar bikin kanta. Ba wanda ya zo. Ban sani ba ko maganar ƙarya ce tun asali, ko zamansu ne ya kashe ta, kuma ba zan ce na sani ba. Abin da na gani shi ne, a Lahadi ta ƙarshe dattijon nan da ya ce maganar ta maza ce, shi ya ɗauko ganga da kansa. Ana jajibiri kuma Baffa ya shigo gidan Gwaggo da wuƙarsa a hannu, ya ce, "Ina akuyar?" Ya yanka, ya feɗe, aka dafa, ya ci. Daga shekarar nan shi yake mata yanka. Har ta mutu ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Gyaɗar nan kuwa ta soya ta, ta matse mai. A mako na uku ta cika kwalba ɗaya ta ce in nemo mana ɗan acaɓa, Tudun Kaya za mu. Sai da muka hau hanya ta faɗa mini gidan direban da ya buge ɗanta za mu je. Ta ji labarin tun ranar bai sake taɓa mota ba, ya shige ɗaki ba ya fita, gidansa babu abinci.

Matarsa na jin ko wace ce ta ruga ciki. Aka kira shi ya fito, dogo, ya rame. Ya zube a gabanta yana cewa, "Iya, ki yafe mini, ban gan shi ba, wallahi ban gan shi ba."

"Tashi. Ban zo ka yi mini kuka ba, ina da nawa a gida."

Bai tashi ba. Ta ajiye kwalbar a gabansa.

"Wannan man gyaɗar da ya ɗauko ne ranar. A yi wa yaranka miya da shi. Ban ce na daina jin zafinka ba, ban san ranar da zan daina ba. Amma ina da baƙo a hanya, ba zai zo ya same ni da kai a maƙogwaro ba. Na yafe. Ka koma aikinka, yaranka ba su kashe kowa ba. Ka kuma rage gudu."

A hanyar dawowa ta kifa kanta a bayana ta yi ta kuka har muka iso. Tun daga lokacin, duk shekara a makon farko na jira, mutumin nan zai zo da motarsa ya sauke mata itacen girki, ya gaishe ta a durƙushe ya tafi. Shi ne wanda ya ƙi sakin diga a maƙabarta.

Ba zan mayar da ita waliyiya ba, don da tana nan da ta ƙaryata ni. Tana da baki. Ta sa matan zumunta kuka ba sau ɗaya ba a kan kuskuren baiti. Shekara ashirin ina kai mata tuwo, ba ta taɓa ci ba tare da ta ce miyar ta yi ruwa ko gishiri ya yi yawa ba. Fastoci huɗu suka yi zamani da ita, kowanne ya tafi da tabonsa. Murnarta ma ba mai laushi ba ce. Murna ce irin ta wanda aka ce ya tashi daga gonarsa ya ce ba inda za shi. Amma a ƙauyenmu, inda muke 'yan kaɗan kuma kullum akwai dalilin da zai sa a ce mu rage murya, irin wannan murnar ce ta riƙe mu.

Ciwo ya kama ta a ƙarshen daminar bana. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya. Muka kai ta asibiti a Kano, bayan kwana tara likita ya ce mu koma da ita gida. Ta ce dama ita ba ta ce a kawo ta ba.

Lahadin farko ta jira ba ta iya zuwa coci ba. Bayan an tashi na shiga ɗakinta, na tarar an jingina ta da matashi. Ta ce in ɗauko kibiya da man kitso.

"Gwaggo, kitson biki tun yanzu? Ai zai tsufa kafin ranar."

"Ku ne za ku jira ranar. Ni an matso mini da tawa."

Na zauna a bayanta na ɗora kanta a ƙirjina. Gashin ya yi fari fat, ya yi laushi, kaɗan ya rage. Na yi mata shuku irin wanda take so, a hankali, ina tsayawa duk lokacin da tari ya taso mata. Da na gama ta ɗaga hannu da ƙyar ta bi kan da yatsa.

"Tsagar nan ta karkace."

"Gwaggo, wa zai gani? Ɗankwali za ki ɗaura."

"Wanda za ni wurinsa yana ganin ƙarƙashin ɗankwali. Tsefe ki sake."

Na tsefe. Ina sakewa idona ya cika, ba na ganin tsagar sosai, sai na tsaya na goge da gefen zani. Ta ce, "Kada ki jiƙa mini kai." Na ce to. Na ja kibiyar daga goshi har ƙeya, na duba, na sake dubawa, sannan na kitsa.

Ta sake bi da yatsa, daga gaba har baya, a hankali. Ta sauke hannun.

"Yauwa. Yau kam kin yi aiki, Malama."

Washegari da hantsi ta cika, jikokinta biyu na gefenta. Matan da suka yi mata wanka sun tambaye ni ko a tsefe kan, na ce a bar mata shi yadda yake. Ubangijin da ta yi wa kwalliya ya karɓe ta hannu bibbiyu, mu da muka rage kuma ya ba mu ko rabin taurin kanta.